Tsingaron da Na Tsinta a Ƙarƙashin Matashin 'Yata

Ko zan manta komai a duniya, ranar da na kutsa gidan wata tsohuwa da niyyar tona mata asiri ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin ba mu daɗe da baro ƙauyenmu na yankin Ruma ba. 'Yan bindiga ne suka tashe mu, muka kama ɗaki a cikin garin Batsari, ni da maigidana da 'yarmu mai shekara shida. Mun tsira da rai, amma tun ranar yarinyar ta daina magana. Wadda a da nake roƙo ta yi shiru in ji da kunnena, ta koma sai gyaɗa kai da girgizawa. Mun sha rubutu, mun je asibiti, aka ce harshenta lafiya lau. Malamarsu kuma ta ce ko fensir ba ta riƙewa da kyau, zaune kawai take kamar an dasa ta.

Ni kuwa tsoro ya mai da ni wata iri, ban yarda da kowa ba. Ko mai sayar da ruwa ya cika tambaya, sai in ce ɗan leƙen asirin ɓarayi ne. Don haka na hana ta fita sam. Daga makaranta sai ɗaki. In zan tafi gidan da nake aikatau da yamma, sai in zaunar da ita a tabarma a bakin ɗaki in ja ƙofar gida. Har daɗi nake ji wai Allah ya ba ni yarinya mai jin magana.

Sai na fara ganin abubuwan da ban gane ba. In na dawo, tana nan inda na bar ta, amma tafin ƙafarta fari fat da toka. Wata rana na ga ƙujewa a gwiwarta. Abincin da take tsakura ta koma cinyewa tas. Maimakon in gode wa Allah, sai na ce a raina lallai akwai wata a ƙasa. Ran nan ina kakkaɓe shimfiɗa na ɗaga matashinta, sai ga tsingaro, wato ɓallin fasasshiyar tukunya, an goge gefensa ya yi sumul. Toka a ƙafa, tsingaro a ƙarƙashin kai, in ba sammu ba mene ne?

Ban sha wahalar neman wanda zan zarga ba. Zana ce kawai tsakaninmu da wata tsohuwa da ta fito daga wajen Yasore. Kirista ce, asalin gidansu Maguzawa, kuma matan unguwa ba sa rasa abin raɗawa a kanta. Kullum muka gaisa sai ta ce, "Ina ɗiyar taki? Ba ni ganinta waje." Da na duba gindin zanar, sai na ga an buɗa wata kafa daidai jikin yaro.

Maigidana ya ce, "Ke dai kin cika zargi. Tsingaro ne fa."

Na ce, "To, zauna nan har a ƙarasa maka 'ya. Ni gobe sai gaban mai unguwa, amma sai na kama ta da idona."

Washegari na yi sallama kamar na tafi aiki, na laɓe a zauren maƙwabta, can na dawo. Ɗaki wayam. Ban tsaya gyara mayafi da kyau ba, na faɗa gidan tsohuwar ko sallama babu, bakina cike da maganganun da na shirya.

A tsakar gida na gan su. An zana gidajen 'yar gala-gala a ƙasa, an bi layukan da toka don su fito. Tsohuwar tana zaune a kan turmi tana tafi. 'Yata ta jefa tsingaronta a gida na uku, ta ɗaga ƙafa ɗaya tana tsalle, gumi sharkaf, kuma duk dirar da ta yi sai wata 'yar murya ta fito: "Ɗaya... biyu..." Wasan da na yi har ƙafata ta yi kanta ina yarinya, shi ne tsoro ya sa na kasa gane kayan yinsa.

Na tako a hankali ban ma san inda nake sa ƙafa ba. Yarinyar ta juyo, har yanzu a kan ƙafa ɗaya, ta dubi ƙasa, ta dube ni, ta ɓata fuska.

"Inna, kin taka layi."

Nan na durƙushe a cikin tokar ina kuka.

Tsohuwar ba ta tambaye ni abin da ya shigo da ni a fusace ba, ko da yake na san ta gane. Cewa kawai ta yi, "'Yar nan, ta kafar zana na riƙa hango ta, zaune ita kaɗai. Ni na fara yi mata tsallen da gwiwoyin nan nawa har ta yi dariya. Ƙirgan kuwa da kanshi ya zo. Ki bar ta ta motsa."

Yau yarinyar tana sakandare, kuma na koma roƙonta ta yi shiru. Abin da na koya shi ne, yaro da jikinsa yake koyo kafin kansa ya ɗauka, in ka hana shi gudu da tsalle ka hana shi abin da ya fi wasa. Tsingaron yana cikin kwallata har yanzu. Duk ran da zuciyata ta fara raya mini sharri game da wani, shi nake ɗaukowa in duba.