Kwanon Ruwan Bibi Gulsum

Duk wanda ya taɓa hawa mota daga ƙauyenmu zuwa Faizabad ya san Kurban Nazar da tsohuwar a-kori-kurarsa, wadda ta girmi 'ya'yansa duka. Mutum ne mai shiru-shiru. Sai ya kai ka kasuwa ya dawo da kai bai ce uffan ba. Da motar ya ci da gida, a bayanta ya ɗauki amare da masu naƙuda da buhunan gyaɗar dutse.

Ana nan sai kan motar ya fara karkacewa hagu, kamar tsoho mai ciwon wuya. Hanyarmu kuwa a gefen rami take, kogi na ruri can ƙasa. Fasinja suka fara zamewa. Babu mai son ya leƙa taga ya haɗa ido da kabarinsa.

Kurban ya kai ta wurin Usta Shirin bakanike. Usta ya kwance notuna, ya ɗaga kan da jak, ya zura hannu, ya fito da tsatsa cike da tafi.

"Baba, a kogi kake kwantar da ita? Kusurwa uku lafiya lau, wannan ɗayar ta ruɓe kamar albasa. Wa ke mata wanka kullum?"

Kurban ya sunkuyar da kai, don ya san mai wankan. A wajenmu idan mutum zai yi tafiya, ana watsa ruwa a bayansa don ya dawo lafiya. Kowace mace a ƙasa take zubawa, amma ban da matarsa Bibi Gulsum. Tun ranar da ƙanenta ya faɗa kogin nan da motarsa, ta ce ruwan da bai taɓa ƙarfe ba asara ne. Shekara talatin, kwano guda kowace safiya, wuri ɗaya a jikin motar.

Usta ya yi dariya har da tari. Ya yanke ruɓaɓɓen, ya yi walda, ya sa sabuwar roba, kan ya zauna daram. "Ka hana ta, Baba. In ba haka ba, wata rana kai da sitiyari za ku isa Faizabad, motar na gida."

Hana ta? Ai maza a waje suke da baki. Kurban ya zaɓi dabara: washegari ya tsayar da motar taku goma daga ƙofa. Gulsum ta fito da kwano, ta tattara ƙarfi ta watsa. Ruwan ya faɗi a ƙasa.

Ta madubi ya hango ta. Ba motar take kallo ba, hannunta take kallo.

"Baban Nasim," ta ce, "na tsufa. Yau kada ka je."

Ya daɗe riƙe da giyar motar. Fasinja biyu da ya samu da ƙyar suna ta buga rufi. Sai ya sa ribas, ya dawo a hankali har bakin ƙofa.

"Ni na yi nisa, Uwar Nasim. Ɗebo wani."

Da yamma ya biya wurin Usta, ya tambaye shi shekara nawa waldar za ta yi idan ana jiƙa ta kullum.

"Goma, in an shafa giris."

"Ta ishe mu," in ji Kurban. "Ba ni giris ɗin."