Layar Kaka a kan gorar tele

Jiya ina zaune a rumfar albasa, wani mai kabu-kabu ya kunna kiɗan kokowa a wayarsa, sai na tuna yarintata. Ni dai kun san ni, ba na kallon ƙwallo. Mutum ashirin da biyu su yi ta gudu har rana ta faɗi, a tashi babu wanda ya ci, wai an yi wasa. Fim ɗin Indiya kuwa, a soki mutum da wuƙa ya tsaya ya yi waƙa kafin ya mutu. Kokowa ce ba ta ƙarya: gwiwarka ta taɓa ƙasa, ka tafi gida.

A zamanin da soja ke riƙe da ƙasar nan, lokacin da kowa ya zama kamarad har da liman, Babana ya kai albasa Kwatano ya dawo da tele ƙarama mai aiki da batirin mota. Hoton ƙasarmu ba ya isowa Malanbil, na Nijar ne ke ƙetaro kogi. Aka ɗaura antan, wato eriya, a kan doguwar gora, aka juya ta wajen Gaya. Idan lokacin kokowar takobi ya zo, babbar gasar Nijar da ake ba zakara takobi, bayan la'asar tsakar gidanmu ba wurin sa ƙafa.

Kakana, mahaifin Baba, tsohon ɗan kokowa ne, kuma gwaninsa wani ƙato ne daga Doso. Tunda ba zai iya zuwa fili ya ɗaura masa laya a damtse ba, sai ya ce a ɗaura ta a kan gorar, hanyar da hoto ke bi ya zo ita laya za ta bi ta je. Ba wanda ya yi dariya. Ni na hau na ɗaura.

Sai bakina. Ajina uku a lakwal, makarantar boko, ban fito da komai ba sai surutu. Na gaya wa yara cewa gidanmu kullum muna magana da Yamai, har saƙo muke aikawa ta sama. A shekarun nan kuwa abu biyu ke sa hukuma ta kai mutum garin Kandi a bayan mota: hulɗa da waje, da abin da hukuma ke kira tsafi. Ni na haɗa wa gidanmu duka biyun.

Ranar da gwanin Kaka zai yi karon da zai kai shi na ƙarshe, muna zaune sai ga jandarma, mutumin kudu, ba ya jin Hausa ba ya jin Dandanci, da delege, wato mai unguwa, yana yi masa tafinta. 'Yan kallo suka fara tuna suna da aiki a gida. Jandarman ya sa aka kwantar da gorar, ya tsinke layar, ya juya ta a hannu. Baba ya yi bayani cewa ta kokowa ce kawai. Kaka bai ko tashi daga buzunsa ba.

Sai jandarman ya sa aka mayar da gorar, ya jawo turmi ya zauna. Delege ya fassara mana hukuncinsa yana kallon ƙasa: za a kalli karon. In mutumin Doso ya yi kaye, to abin yana aiki, tsafi ne, tsoho zai bi shi. In an kayar da shi, fata ce kawai.

Ban taɓa jin gidanmu shiru haka ba. Ana jin kiɗa daga tele, ana jin akuya na tauna ɓawon albasa. 'Yan kokowar suka kama juna, suka saki, suka sake kamawa. Gwaninmu ya ɗaga abokin karonsa har ƙafa ɗaya ta bar ƙasa, na ga Baba ya rufe ido. Ni kuwa duk 'yar addu'ar da na iya na karanta ta a kan gwanin da nake so fiye da kowa, ina roƙon Allah ya kayar da shi. Kaka kaɗai ke gyaɗa kafaɗa yana taya shi, kamar ba wuyansa ne a ciki ba.

Sai ɗayan ya saƙalo wa gwaninmu ƙafa. Ya zo ƙasa da baya.

Baba ya saki numfashi. Kaka ya dubi jandarman ido cikin ido ya ce, "Kai ka kashe shi, ɗan nema. Da ka bar mini layata bisa, da yanzu wancan na ƙasa."

Jandarman ya tambayi me tsoho ya ce. Delege ya share zufa ya yi wani dogon Faransanci, na tsinci kalmar juyin juya hali a ciki har sau biyu. Mutumin ya yi dariya, ya jefa wa Kaka layar a cinya, ya fita.

Dukan da na sha a ranar ba na ba da labarinsa. Kaka kuwa kwana uku bai yi wa kowa magana ba, ba don tsoro ba, don an kayar masa da mutum.

Yanzu kowa da kokowarsa a tafin hannu, ba gora, ba mai leƙo maka gida. Jikokina na ganin ni ne babban mai son gwanin Doso na yau, ina ihu ina buga ƙafa. Abin da ba su sani ba, duk ranar da aka kayar da shi, kafin baƙin ciki ya iso, sai na fara jin wani sanyi a ƙirjina, kamar an ce ba wanda za a tafi da shi.