Hoton da Ya Ƙi Goguwa

Wata rana na je karɓar katin shaidar ƙanwata a wani shagon buga katunan makarantu a Zariya. Tun daga bakin ƙofa nake jin hayaniya.

Wani mutum ne da ake kira Injiniya Nafi'u, yana tsaye a kan wata ma'aikaciyar shagon mai suna Balaraba, yana nuna ta da yatsa.

Shi ya rubuta manhajar da shagon ke aiki da ita. Aikinta ta nuna hoton ɗalibi a kwamfuta, in bai yi kyau ba a danna, ta goge shi, a sa sabo.

Kwana uku ke nan manhajar ta ƙi goge ko hoto ɗaya. Sai ta ce ana amfani da shi, ta tsaya cak.

Ɗalibai ɗari takwas na jiran kati. Jarrabawa ranar Litinin, kuma ba mai shiga ba kati.

Injiniya ya ɗora laifin duka a kan Balaraba. Ya ce ita ke buɗe hotunan a wani wuri. Ya kira ta jahila. Ya ce ko tallan gyaɗa bai kamata a ba ta ba. Duk a gabanmu.

Mai shagon, Alhaji Sambo, bai tambaye ta komai ba. Cewa ya yi in yamma ta yi abin bai gyaru ba, kada ta zo gobe.

Balaraba ta bari ya gama. Idanunta sun yi ja, amma ba ta yi kuka ba.

Sai ta ce, "Injiniya, in na rufe manhajarka, ina goge hoton da hannuna lafiya lau. In tana buɗe, sai ya ƙi. To wa ke riƙe da shi?"

Ya ce, "Ke za ki koya mini aikina?"

Ta ce, "A'a. Manhajarka ce ta ɗauko hoton, ta riƙe shi gam, sannan take neman goge shi. Ka sa ta sake shi tukuna."

Ya ja kujera cikin fushi, ya zauna duba manhajar don ya kunyata ta.

Minti biyar bai ɗago kai ba.

Ashe layi ɗaya ya manta bai rubuta ba a cikin manhajar, wanda zai sa manhajar ta saki hoton kafin ta goge. Ya ƙara shi, ya danna. Hoton ya tafi.

Kun san me ya ce?

"Ai dama na yi tunanin haka."

Ba haƙuri, ba kunya. Wallahi ji na yi kamar in shaƙe shi.

Alhaji ya fara lallashinta. Ta ce za ta gama katunan, don ɗaliban ba su yi mata komai ba.

Daga baya na ji cewa ta gama su ranar Asabar. Ranar Litinin ba ta dawo ba, kuma ba ta ɗaga wayar Alhaji ba.

Darasi: Kafin ka wulaƙanta na ƙasa da kai a gaban jama'a, zauna ka duba aikinka. Gyaran kuskuren ba zai wuce minti biyar ba, amma mutumin da ka ci wa mutunci ba lallai ya dawo ba.

Ka san mai irin halin Injiniya a wurin aikinku? Tura masa, kada ka ce komai.