Rigar Sarkin Ci

Babana bai taɓa mallakar doki ba, ko jaki ba shi da shi. Amma tun kafin a haife ni yake kwashe kashin dawakin mutane a wata barga, inda masu hali ke kawo 'ya'yansu koyon hawa. Warin ya bi jikinsa. Mama takan ce ita dai doki ta aura, fuskar ce kawai ta mutum.

Yana da wata ɗabi'a. Duk dokin da aka kawo, sai ya yanki igiya ya auna shi daga ƙirji zuwa gindin wutsiya ya ƙulla, ya zagaya ciki ya sake ƙullawa, ya rataye ta a ƙusa bakin ɗakin dokin. Tef ɗin awo kuwa, wai namu ne mu teloli da ba mu yarda da idonmu ba. Ni ɗinki nake yi, kuma bakina ba ya shiru, don haka kullum muna wannan faɗan.

A cikin dawakin akwai nasa na zuciya, Sarkin Ci. Shi ya sa masa sunan, don da ƙuruciyarsa har hular Baba ya taɓa taunewa. Da zafin bana ya shigo, wasu ƙananan ƙudaje suka sa shi gaba. Ya dinga goga wuya a jikin ginshiƙi har gezarsa ta zube, wutsiya ta koma kamar tsohuwar tsintsiya, bayansa duk jini. Yara suka fara kuka in an ce su hau shi. Mai barga ya ce in bai warke ba kafin hutun makaranta, zai kira mai motar nan da ke sayen tsofaffin dawaki. Kowa ya san inda yake kai su.

Likitan dabbobi ya ba da man shafawa, ya ce a nemo masa riga marar nauyi mai rufe wuya da ciki, wadda za ta kama jiki ƙuda ya rasa hanya. Mai barga ya yarda zai saya, amma sau ɗaya tak.

Ni na raka Baba shagon kayan dawaki. Tun a hanya nake ce masa mu biya barga in auna dokin da tef, ya ce in rufe masa baki. Matar shagon ta shimfiɗa riguna, ya zaro igiyarsa da ta yi baƙi don tsufa. Ta tambaye shi yaushe aka yi wannan awon.

"Na san dokina, 'yar nan," ya ce. "Ki ba ni daidai ƙullin."

Da aka sa wa Sarkin Ci, sai ka ce yaro ya saci rigar ubansa. Cikin yana reto, ƙudaje suna shiga ta ƙasa su yi abin da suka ga dama. Baba ya ce laifin maɗauri ne, ya ƙara ɗaurewa. Rigar ta dinga zamewa tana gurzar kafaɗa, har ta buɗe sabon gyambo. Shago kuma ba ya karɓar riga da jini.

Sai ga Baba a wurin ɗinkinmu, shi da bai taɓa taka ƙofar ba. Ya ajiye buhu, ya shimfiɗa igiya biyu a kan tebur, tsohuwa da sabuwa. Tsakanin ƙullin ciki na tsohuwar da na sabuwar ya fi tsawon hannuna.

"Uwata," ya ce, "yaushe ya rame haka? Kullum fa ni nake goge shi."

Na kwance buhun. Na farke rigar na rage ta, allurai suna karyewa ina zagin su, na yi wa kafaɗun shafi da yadi mai laushi. Ta zauna wa Sarkin Ci ɗas. Ya daina goga wuya, har ya fara neman hular Baba. Amma gashi ba ya tsirowa don ana sauri. Hutu ya zo, mota ta zo.

Baba da kansa ya kwance masa rigar, don kayan barga ce. Ya naɗe ta a hankali, bai juya ya kalli motar ba.

Bayan nan aka kawo sabon doki, matashi, ƙato. Mai barga ya ce a sa masa rigar, ta ƙi haɗuwa a ciki. Ya hau faɗa, wai wa ya lalata masa kaya. Ranar ina wurin, na ce ni ce, kuma ko gobe zan sake. Baba ya dafa kafaɗata in yi shiru, aka jefo mana ita muka taho gida.

Har yau yana zuwa aiki. Igiyoyin nan biyu suna rataye a bayan ƙofarmu, Mama ba ta taɓa su in tana shara. Sabon dokin kuwa bai auna shi ba. Na tambaye shi dalili, ya ce gobe.