Sandar Ƙarfen da Sannu-Sannu Ya Zaɓa

Sannu-Sannu ake ce masa a garejin kamfanin da ya yi wa tuƙi, domin duk shekarun da ya yi yana jan bas ɗin ma'aikata ba a taɓa ganin ya wuce wata mota a hanya ba. Abokan aikinsa sukan ce in ka shiga motarsa da jinjiri, da ɗan makaranta za ka sauka. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Ai dai an sauka." Dogo ne mai ɗan ranƙwafo, marar yawan magana, bai taɓa ɗaga abin da ya fi tayar mota nauyi ba, ita ma sai ta kama dole. Da ya ajiye aiki, burinsa bai wuce ya zauna a ƙofar gida da rediyonsa ba, matarsa na ciki tana yi masa faɗan da ya saba ji.

Matar, Maman Auta, mace ce mai jiki da murya. A kicin ɗin wani asibiti ta yi aiki har ƙafafunta suka gaji. 'Ya'yansu maza biyu suna nesa, sai ƙaramarsu, Auta, da ke aure a can ɗaya gefen gari. Ba a daɗe da fara hutun ba ciwo ya shanye wa Maman Auta ɓarin jiki. Ta dawo daga asibiti tana jan ƙafa, tana dogara sanda, bakinta ya ɗan karkace amma faɗan yana nan.

Wata safiya santsi ya kwashe ta a banɗaki. Sannu-Sannu ya same ta kwance tsakanin bokiti da bango, ruwa na zuba a kanta. Ya sa hannu a hammatarta ya ja, ko motsi. Ya zagaya ya kama ƙugunta, ya yunƙura har idonsa ya yi duhu, suka zube tare. Da ya ga abin ya fi ƙarfinsa, sai ya yafa mata tawul ya fita da gudu ya kira maƙwabta, mai gyaran firji da ƙaninsa. Su suka ciccibo ta zuwa gado, suna kawar da kai, tawul ɗin yana zamewa.

Ba ta ji ciwo ba. Amma ta yi kwanaki fuskarta na kallon bango. In mai gyaran firji ya yi sallama daga waje yana tambayar jiki, sai ta ja bargo ta rufe kai. Ranar da ta buɗe baki, abin da ta ce kawai shi ne, "Da ka bar ni a wurin."

Likitar gashin ƙashi da ke zuwa motsa mata gaɓoɓi ce ta nuna masa a wayarta yadda ake ɗaga nauyi daga ƙasa: a miƙe baya, a tura ƙugu, ƙafafu su yi aikin. A hoton, wani tsoho ne mai furfura yake ɗaga sandar ƙarfe da faya-fayai a gefe da gefe, daga ƙasa zuwa cinya. Ita tsayuwar kawai take so ya gani. Shi kuwa tsohon ya gani.

Ya kwashe tarkacen ɗan ɗakin ajiya na bayan kicin, manyan tukwane da tsofaffin akwatuna, ya shimfiɗa tabarmin roba na ƙasan mota da wani tsohon abokin aiki ya ba shi. Ya auna faɗin ɗakin da igiya, ya ƙulle ta daidai inda bango ya tsaya, ya sa a aljihu. Ranar da Auta ta zo zama da uwarta, ya ce zai je aski, ya nufi shagon kayan motsa jiki.

Mai shagon, wani ƙaƙƙarfan mutum da wuyansa ya kusa kai faɗin kansa, ya tarbe shi da fara'a.

"Baba, sannu da zuwa. Wa za a saya wa?"

"Ni."

"Keken motsa jiki ko abin tafiya?"

"Sanda nake so. Wadda ake ɗagawa daga ƙasa."

Mai shagon ya dube shi sama da ƙasa, bai yi dariya ba. Ya kai shi bango inda sandunan ke jere a tsaye. Ya fara da wata mara nauyi, ya ƙwanƙwasa ta da zobensa, ta yi ƙara kamar bututun ruwa.

"Wannan cikinta rami ne. Kyau kawai. In ka ɗora mata kaya ta lanƙwashe, ta lanƙwashe ke nan. Waccan mai sheƙi, bakinta juyawa yake kamar fanka, ta masu wurga ƙarfe sama da kai ce, ba taka ba ce." Ya sauko da wata doguwa siririya ya kwantar a ƙasa. "Ga ta masu ɗagawa daga ƙasa. Kama ka ji."

Sannu-Sannu ya kama. Kaushin da aka zana a wurin riƙo ya cije masa tafin hannu kamar magogin kuɓewa... ya saki da sauri, ya duba hannunsa.

"Haka ake so, don kada ta suɓuce in ka yi gumi. Siririya ce, yatsu suna zagaye ta. Kuma tana da taushi. In ka ja, sai ta ɗan lanƙwaso ta biyo ka kafin faifan ya bar ƙasa. Nauyin a hankali yake hawa kanka. Da ita mutum yakan ɗaga fiye da ƙarfinsa."

Sannu-Sannu ya tuna banɗakin. Babu abin da ya biyo shi a hankali ranar. Ya zaro igiyarsa ya gwada, sandar ta wuce ƙullin da kusan taƙi guda.

"Babu wadda ba ta taimakon mutum?"

"Akwai." Mai shagon ya jawo wata baƙa, ta fi kauri, ta fi gajarta. "Wannan ba ta da mutunci. Abin da ka ɗora mata, shi za ta miƙo maka gaba ɗaya tun daga ƙasa. Amma Baba, me za ka ɗaga haka?"

"Mutum."

Mai shagon ya sake duba jerin sandunan. Sai ya nuna masa wata mai kama da firam ɗin taga, wadda ake shiga tsakiyarta a kama ta gefe biyu, ya ce ta fi sauƙi ga bayan dattijo. Sannu-Sannu ya ce mutumin da zai ɗaga a gabansa yake kwanciya, ba a shiga tsakiyarsa. Ya gwada baƙar da igiya, ta shiga da ɗan saura. Ita ya saya.

"Ka ga likita kan bayanka?"

"Kullum muna tare da likitoci," in ji shi. Ba ƙarya ya yi ba.

Da sandar kaɗai ya fara, ba faifai, ita ma sai da ta kwantar da shi kwana biyu yana shafa man zafi. Auta ta yi faɗa har da hawaye. "Baba, in kai ma ka kwanta, wa zan fara ɗauka?" Ya ce ta yi haƙuri. Kowace safiya, bayan ya ba Maman Auta shayi da magani, sai ya shiga ɗan ɗakin ya rufe ƙofa. Hannunsa ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. Ya koma shagon ya ƙaro ƙananan faya-fayai, daga baya ya ƙaro manya.

Watanni suka shuɗe. Wata rana ya tallafo Maman Auta daga gado ya zaunar a kujera ba tare da ya yi nishi ba. Ta kalle shi ta gefen ido.

"Ashe kana da ƙarfi ka bar ni ina ɗaukar buhun gawayi shekara da shekaru? Allah ya isa, Direba."

Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Rabon da ta kira shi da wannan sunan tun kafin faɗuwar.

Daga nan ciwon ya sake bugunta. Wannan karon ya tafi da ɗaya ƙafar, ya taɓa maƙogwaro. Abinci ya koma sai mai ruwa-ruwa, a cokali, rabi ya shiga rabi ya dawo. Sannu-Sannu ya ƙara ƙaimi, tunda yanzu ɗauka ce safe da rana da yamma: gado, kujera, banɗaki. Kuma kullum sai ya ji ta fi jiya sauƙi a hannunsa. Ya ɗauka aikinsa ne yake ci. Har ya gaya wa mai gyaran firji, da ɗan alfahari, cewa ƙarfe ba ya ƙarya.

Ran nan Auta ta zo canza zanen gado. Ya ce ta dakata ya wanke hannu ya zo ya ɗaga uwar. Kafin ya dawo, Auta, wadda ko tulun gas ba ta iya ɗauka, ta rungumi uwarta ta ɗauke ta cak, ta ajiye a kujera, ta ci gaba da kakkaɓe katifa. Ya tsaya a bakin ƙofa hannunsa na ɗigar ruwa. Sai a lokacin ya ga wuyan hannun matarsa, ya ga yadda rigar ta yi mata yawa, ya ga ƙasusuwan kafaɗa.

Da suka koma asibiti, likita bai canza magani ba. Ya ce su kai ta gida su ci gaba da kula da ita, su sanar da 'yan'uwanta na nesa. 'Ya'yan maza suka ce suna neman hutu a wurin aiki.

Sannu-Sannu ya daina shiga ɗan ɗakin. Yakan zauna a gefen gadon da kofi da cokali, yana jiran ta haɗiye. Wata safiya ta yi ta motsa baki, ya kai kunnensa kusa.

"Ƙarfen," ta ce da ƙyar. "Shiru... ya yi yawa."

Ya tashi ya je. Bai iya ɗaga abin da ya bari a kan sandar ba, ƙarfin ya riga ya fara zubewa. Ya zare manyan faya-fayan, ya bar ƙananan, ya ɗaga ya saki, ya sake ɗagawa ya saki, da ƙofa a buɗe don ƙarar ta kai gare ta. Da ya dawo ta yi barci, shayin ya huce. Ya ɗauki kofin ya tafi kicin ya sake ɗumamawa, ko za ta karɓi cokali ɗaya in ta farka.