Inna Ta Tara Mini Masu Danna Talla

Tun safe nake zarya tsakanin zaure da ɗaki, waya a hannu. Kamfanin da ke saka talla a shafina na farashin hatsi a kasuwar Matameye ya dakatar da ni, wai ana danna tallan da gangan. Ni kuwa da shi na dogara in sayi taki kafin damina.

Ina cikin huci sai Innata ta leƙo.

"Ɗan nan, abin ya ƙaru? Ranar suna na sa duk mata masu babbar waya suka yi ta dannawa. Ba kai ka ce in an danna ake biyanka ba?"

Na buɗe baki, na ga murmushinta, na rufe.

Jama'a, wa zai gaya mata? Ni dai na kasa.