Ranar da Na Juya Sunayen Masu Sauka

Ko tsufa ya kwashe mini tunani, wannan rana dai ba za ta fita daga kaina ba. Lokacin nan kaf Birnin Kudu babu wanda ya kama ƙafata a sanin kwamfuta, in ji ni. Wata uku na yi a Kano ina koyon rubuta manhaja da yaren kwamfuta na C, na dawo shagona na buga takardu ina taku kamar ni na ƙera ta.

Ana nan sai ga wani malamin Islamiyya daga Fagam ta Gwaram, da filashin kwamfuta mai ɗauke da sunayen ɗalibansa a aljihu. Washegari za su yi walimar saukar Alƙur'ani, kuma a al'adarsu wanda ya riga sauka shi ake fara kira. Wanda ya buga masa sunayen kuwa da na ƙarshe ya fara.

Ya ce, "Malam, juya mini su kawai."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ni ba na aikin sama-sama. Ta ƙarƙashin fayil zan shiga, inda injin kansa yake jin tsoro."

Na gyara hula na rubuta 'yar manhajata: ta je wutsiyar fayil, ta riƙa ɗauko harafi ɗaya-ɗaya tana rubutawa daga sama. Gwanin naku bai ga dalilin buɗe sabon fayil ba, balle ajiye kwafi. Kwafi ai na matsorata ne. Na danna.

Ashe tana ɗebowa daga ƙasa tana taka na sama. Kafin ta kai tsakiya ta haɗiye rabin ɗaliban. Rabin da ya tsira ya fito sau biyu, sau ɗaya ma a birkice, ko aljani ba zai iya karantawa ba.

Na ce, "Ina takardar asali?"

"Ai tun da aka ce sun shiga kwamfuta muka yar da ita."

Gobe yara za su sha sabon ɗinki, iyaye su cika fili, a ƙi kiran rabinsu. Haka muka wuni, Malam yana buga wa malamansa waya yana tattaro sunaye, babban injiniya yana bugawa da yatsa biyu, har la'asar sakaliya.

Tun ranar na koyi ajiye kwafi kafin in taɓa kayan mutane, bakina kuma na rage masa gudu, kaɗan dai.

Da malamin zai hau babur ya dube ni ya ce, "Malam, da ka buga mini yadda suke, ai da sai in fara karantawa daga ƙasa."